Dardumar da Na Bari Ajiya a Greensboro

Tun da na dawo ban huta ba. Wadda ta zo sannu da zuwa sai ta karɓi tsarabarta, ta gyara zama, ta ce, "To Malama, yaya Amurkar?" Na ba da labarin nan a tsakar gida, na ba da shi a gidan biki, na ba da shi a layin asibiti, kuma duk wadda ta ji sai ta je ta ƙara masa gishiri. Shekaranjiya aka ce mini an ji a Bakori wai 'yan sanda sun kama ni da satar darduma. Ban yi shekara talatin ina koyar da 'ya'yan mutane a firamare don a mai da ni ɓarauniya da tsufana ba. Shi ya sa na ɗauko biro. Wadda ba ta iya karatu ba ta nemi ɗaya daga cikin waɗanda na koya wa.

'Yata Asma'u ce ta yi haihuwar fari a daminar 2007, a wani gari da ake kira Greensboro, inda take zaune da mijinta Nura. Ba ta da uwa ko gwaggo a kusa, ni kuwa ba zan zauna a Funtuwa in ji an ce jikata ta zo duniya uwarta ba ta yi wankan jego ba. Na cika jaka biyu: garin kunu, kuka, daddawa, kilishi, man shanu, busasshen ganyen darbejiya, da kanwa ungurnu mai kyau, dunƙule guda. Mota ta kai ni Kano, daga nan jirgi. A jirgin duk abin da suka miƙo sai in girgiza kai, don ban san me aka yanka ba, sai burodi da shayi. A ƙasar Turawan da muka sauya jirgi aka ce kowa ya cire takalmi. Na cire da ladabi, na ɗauka wani babba za mu gaisar, ashe takalmin ake tuhuma.

A bakin shiga Amurka wata ma'aikaciya ta zo da kare. Na ce mata da Turancina na aji shida ta janye shi, akwai sallaya a jakar. Karen bai ji Turanci ba, ya zauna daram a gaban jakata. Aka kai ni wani ɗaki, maza uku suka sa safar hannu. Kilishi ya tafi, man shanu ya bi shi. Daddawa kuwa wanda ya buɗe ta sai da ya ja baya taku biyu kafin ya jefa ta a kwandon shara. Ganyen darbejiya suka ce ba a shiga musu ƙasa da ganye, kamar nasu bishiyoyin za su yi kishi. Da aka zo kan kanwa sai duk suka taru a kanta. Suka juya ta, suka kankare, suka kira wani babbansu. Da na ga abin zai ja lokaci sai na ɓantari kaɗan na lasa a gabansu, na miƙa wa babban na ce ya ɗanɗana. Bai ɗanɗana ba, amma bayan awa ɗaya ya dawo mini da ita, ya ce dutse ne, kuma babu dokar da ta hana tsohuwa yawo da dutse.

Gidan su Asma'u ɗaki biyu ne da falo a bayan wani dogon titi, High Point Road, inda ba abin da ake gani sai shagunan abinci da filayen sayar da motoci. Bangon gidan katako ne, in maƙwabci ya yi atishawa sai ka ji kamar ka ce masa yarhamukallahu. A nan na gane waɗanda suka gina gidajen nan ba su san suruki ba. Nura yaro ne mai kunya, ni ma ba a bar ni a baya ba. Da safe sai ya durƙusa a bakin kicin ya gaishe ni, ni ina kallon firji ina amsawa. In yana da magana sai ya ce, "Asma'u, ki gaya wa Mama," ni kuma in ce, "Ki ce masa," alhali tsakaninmu bai kai taku uku ba.

Wankan farko na dafa ruwa a tukunya biyu, na rufe ƙofa da taga don kada iska ta shigi mai jego. Tururi ya cika gidan, sai wani abu a silin ya fara ihu. Kafin in gama neman tsintsiyar da zan buge shi, ga jar motar 'yan kwana-kwana a ƙofa da ƙarti cikin hular ƙarfe. Shugabansu ya leƙa banɗaki, ya ga tukwane, ya tambayi Asma'u ko tana so a kira mata wani. Ta ce, "It's okay, mamata ce." Ya dube ni kamar yadda ake duban mai dafa mutane, ya tafi. Daga ranar muka koma wanka da taga a buɗe.

A kwana na biyar na lura Nura ba ya cin abinci sosai. Na tambayi Asma'u.

"Mama, decision ne ya dame shi. Part time biyu yake yi. Da safe shagon darduma na wani ɗan Iran, Malam Bahram, da yamma restaurant na wani ɗan Masar, Alhaji Magdi. Yanzu da baby dole ya samu full time ɗaya mai insurance, in ba haka ba ko rent ba za mu iya ba. Su biyun duk sun ce ya zo, kuma suna son amsa kafin ƙarshen wata."

Na ce, "To wanne ya fi arziki?"

Ta ce ba su sani ba. Na riƙe baki. Yaro zai ɗora iyalinsa a kan mutum bai san nauyin aljihunsa ba. A Funtuwa ko ɗan dako ya san wane Alhaji ake bi.

An raɗa wa jaririya suna a masallaci ranar bakwai, Maryam, amma walima sai aka ɗaga ta mako uku, don a garin nan ba a taruwa sai ranar da aiki ya ga dama. Mata dai suka riƙa zuwa barka, yawanci 'yan Nijar, don su suka fi yawa. Cikinsu akwai Zuwaira, 'yar Maraɗi mai shagon kitso, mace mai mota da baki. Da na jefa tambayata sai falo ya kama da wuta.

Zuwaira ta ce, "Bon, Hajiya, ba a haɗawa. Iraniyawa da kuɗinsu suka zo, lokacin da aka kori sarkinsu. Je ki lopital, asibiti ke nan, ki gani, likitan ido nasu, likitan haƙori nasu. Ba sa hawan mota in ba ta Jamus ba, kuma baƙa. Ko sunan Iran ba sa so, cewa suke su Farisawa ne."

Wata Anti Ladi 'yar Zariya ta ce, "Rabu da ita, Hajiya. Duk credit ne. Misirawa su ne masu cash. Duk gidan pizza da kika gani da sunan Italiya, leƙa kicin ki ji Larabci. Ga pharmacy, ga engineers. Ɓoyewa kawai suke yi."

Suka yi ta yi har jaririya ta farka. Na fahimci gardamar ta girmi zuwana da shekaru, kuma cikinsu babu wadda ta taɓa taka gidan ɗan Iran ko na ɗan Masar. Ni kuwa na san yadda ake auna arziki, don mahaifina dillalin auduga ne. Abu uku yake dubawa: yawan takalma a ƙofar mutum, abincin da ke fita daga gidansa, da abin da zai bayar ba tare da idonsa ya ƙifta ba. Na ce wa Zuwaira ta zuba mai a motarta, gani ya kori ji. Ban gaya wa Nura ba, don abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Muka fara da Alhaji Magdi, da sunan na zo godiya. Gidan abincinsa na kusa da jami'a, unguwar Glenwood, da sunan wani Ba'italiye a allo da hoton mai gashin baki, amma a ciki karatun Alƙur'ani ke tashi daga rediyo. Matarsa, Ummu Tarik, ita ke karɓar kuɗi da kanta. Ta rungume ni kamar mun yi shekara goma da sabo, ta ja mu gidansu da ke bayan shagon. A ƙofa na ƙirga takalma ƙafa goma sha ɗaya, na ce a raina madalla. Amma gidan bai fi na su Asma'u ba, kujerun an lulluɓe su da leda, motar da ke waje ƙofarta ɗaya launinta daban. Abinci kuwa ba a magana. Ta kawo shinkafa da taliya da wake duk a kwano ɗaya, kamar wadda ta share ɗakin ajiya, ta kawo miyar lalo, ta kawo tantabaru. Duk lomar da na ajiye cokali sai ta rantse da Allah sai na ƙara. Na fito ina numfashi da ƙyar, na ba su maki biyu cikin uku. Amma ledar kujerun nan ta tsaya mini a rai.

Bayan kwana biyu muka je gidan Malam Bahram. Sai da muka bar gari, muka shiga unguwar da ciyawa ta fi mutane yawa. Gida ne kamar sakatariyar ƙaramar hukuma, baƙar mota biyu a gaba. Zuwaira ta zungure ni, ta ce, "Voilà." Amma takalma a ƙofa ƙafa biyu ne tak, nasa da na matarsa, Madam Parwin. 'Ya'yansu suna wata jiha mai nisa. Dattijo ne siriri mai furfura, in zai yi magana sai ya dafa ƙirji. A bakin ƙofa muka ɓata minti biyar, yana cewa in fara shiga, ni ina cewa namiji ne gaba. Aka kawo shayi a kofi ɗan mitsitsi da goro irin nasu mai ɓawo. Aka ce ko zan ci abinci, na ce alhamdulillahi, aka sake tambaya, na sake cewa alhamdulillahi, aka ƙara, na ƙara. Ko maki ɗaya ban ba su ba tukuna.

Sai idona ya kai bango. Darduma ce 'yar madaidaiciya, ba ta fi sallaya biyu ba, ja mai duhu da shuɗi, da tsuntsaye ƙanana a gefe, an rataye ta kamar hoto. Na ce a raina, lallai wannan dardumomi sun yi masa yawa har ƙasa ta kasa ɗauka, ya koma shimfiɗa wa bango. Na tashi na shafa ta. Wallahi ban taɓa taɓa abu mai laushin nan ba. Na ce, "Malam, wannan ta yi kyau. Ban taɓa ganin irinta ba."

Ya dafa ƙirji, ya sunkuya, ya ce, "Ba ta kai darajarki ba, Hajiya. Taki ce."

Na dubi idonsa. Bai ƙifta ba.

A garinmu in babban mutum ya yi maka kyauta ka ce a'a, ka zage shi ke nan, ka nuna ba ka ɗauke shi a bakin komai ba. Na durƙusa, na yi godiya, na sa albarka har ga kakanninsa. Na ce a kawo kujera a sauko da ita. Ya tsaya kamar an dasa shi. Matarsa ta ajiye kofinta a hankali. Na ɗauka nauyin tsufa ne ya hana shi hawa, sai na ce Zuwaira ta hau. Shi da kansa ya naɗe ta, ya kai ta har but ɗin mota. Yaba kyauta tukuici, kuma tunda shi ya yi dakon, sai na kwance bakin zani na ciro dala biyar na danƙa masa. Ya dubi takardar, ya dube ni, ya ce na gode.

A mota na yanke hukunci. Takalma yaudara ne, abinci kowa na iya dafawa, amma mutumin da zai cire darduma daga bango ya ba baƙuwa, wannan ya gaji arziki. Na ce wa Zuwaira mu biya ta Glenwood. Na sami Ummu Tarik, na gode mata, na ce su nemi wani, surukina ya sami wuri. Ta ce Allah ya sa alheri, dama akwai ɗan ƙanen mijinta da ke jira.

Na shimfiɗa dardumar a tsakar falo, na kwantar da Maryam a kai, na zauna ina jiran yabo. La'asar Nura ya shigo. Ya fara durƙusawa zai gaishe ni, idonsa ya sauka ƙasa, sai durƙuson ya zama zama. Ya ce, "Asma'u, ki ce wa Mama sannu da gida," ya shige ɗaki da rarrafe kusan. Ta bi shi. Na riga na gaya muku bangon katako ne. Muryar Nura na fara ji.

"Wannan ai ta bango ce. Ta mahaifiyar Madam ce. Ita kaɗai suka fito da ita daga ƙasarsu, a ƙasan akwati. Ko ƙura ba a bari ta taɓa."

"To ai shi ya ba ta."

"Haka suke cewa, Asma'u. Komai ka yaba sai su ce naka ne. Ranar da na ce motarsa ta yi kyau key ya miƙo mini. Cewa ake yi a'a, sau uku, shi ke nan kowa ya fita kunya. Customer ma in ya tambayi price sai ya ce ba komai, kyauta ne, sannan a yi ciniki."

"To ka gaya wa Mama."

"Ni? Da wane bakin?"

Na ɗauke jikata daga kan dardumar a hankali. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Tayi aka yi mini. Ni da na shekara talatin ina dukan hannun yara in an ce musu bismillah suka zauna suka cinye, ni ce aka yi wa tayi na naɗe har da kwanon. Da Asma'u ta fito na gaya mata maganar Glenwood ma, don gara a ji mutuwar sau ɗaya. Ta zauna a hannun kujera. Garin neman gira na tsone wa yaron mutane ido: aikin ɗan Masar na mayar, na ɗan Iran kuma Nura ya ce ba shi da fuskar da zai sake taka shagon. Shi ma Malam Bahram bai kira ba. Kowa na jin kunyar kowa, wata kuma yana ta tafiya.

Washegari na koma wurin Ummu Tarik in roƙi aikin. Ta ce ɗan ƙanen ya riga ya ɗaura ƙyallen kicin ya fara aiki. Da na ba ta labarin darduma ta yi dariya har ta riƙe teburin kuɗi.

"Ya Hagga," in ji ta, wato Hajiya da bakinsu, "mu ma muna da irin wannan al'adar. Gayyatar masu kwalekwale muke ce mata. Mutum na tsakiyar kogi yana cin abinci, ya hango ki a gaɓa, ya ce bismillah. Amma su sun fi mu nisa a ciki."

Na ce, "Ni kujerunki na gani da leda na raina ku."

Ta jawo aljihun tebur ta ciro hoto. Gida ne hawa huɗu, fenti ruwan ƙwai, a wani ƙauyen Masar. "Namu ne. Duk abin da pizza ta kawo can yake tafiya. Hawa ɗaya na kowane ɗa."

"Wa ke ciki?"

"Tantabaru. Muna zuwa wata ɗaya duk shekara biyu. Yaran ba sa son zafi." Ta mayar da hoton. "Mu muna da inda za mu aika, shi ya sa ba kya ganin namu a nan. Su Parwin ba su da inda za su aika, sai su zuba a mota da bango. Amma ki kula, in kika mayar wa mijinta dardumar kai tsaye kin ce kyautarsa ƙarya ce. Ba zai karɓa ba."

Ban yarda ba sai da na gwada. Ni da Zuwaira muka kai wa Malam Bahram ita shago, ya dafa ƙirji ya ce in ya karɓa Allah ya karya hannunsa, ya maido ta mota da kansa. Muka kai gida, Madam Parwin ta ce ai ta fi kyau a wurina, idonta jajur. Karo na uku muka ajiye a bakin ƙofarsu, Zuwaira ta danna ƙararrawa, muka ruga mota, ni da ciwon gwiwata. Da safe muka buɗe ƙofa, ga darduma a jingine, da kwalin alewa a kanta. Zuwaira ta ce, "Hajiya, dardumar nan ta fi ki sanin High Point Road. Essence ɗina ya ƙare, ba mai a motar." Saura kwana huɗu wata ya mutu, Nura na zaune a ɗaki yana duba shafin neman aiki a jarida, yana fitowa kullum ya gaishe ni kamar ban yi masa komai ba. Wannan gaisuwar ta fi zagi ciwo.

Ranar walima aka kama wani ɗakin taro, aka yi dambu da waina da shinkafa, 'yan Nijar suka kawo nasu, Ummu Tarik ta turo tire uku na abincin nan mai haɗe-haɗe. Na sa Asma'u ta gayyaci su Malam Bahram, na kuma san irinsu ba sa ƙin gayyata sau huɗu. Suka zo, suka zauna a gefe kamar masu zaman makoki. Tun asuba nake tunanin mahaifina. Na tuna wani manomi da ya ƙi karɓar buhun masara saboda girman kai, sai Baba ya ce masa, "To ajiye mini a rumbunka, in ɓera ya matsa ka rage." Bai taɓa komawa nema ba.

Na sa Zuwaira ta ɗauko dardumar a naɗe, na je na zauna kusa da Madam Parwin.

Na ce, "Madam, dardumar nan tawa ce."

Ta ce, "Taki ce, Hajiya."

"Madalla. To jirgi jaka biyu ya yarda mini, kuma kin san karen nan nasu. Gidan 'yata ga tururi, ga jaririya. Ina neman wadda za ta ajiye mini. A wurinmu ba a ƙin amana. Sharaɗina ɗaya, kada a shimfiɗa mini ita a ƙasa. A nemi bango mai kyau a rataye."

Ta dubi mijinta. Ya ɗaga hannu zai dafa ƙirji, sai hannun ya tsaya a hanya, don duk al'adarsu babu inda aka tanadi amsar wannan. Ta ɗora dardumar a cinya, ta warware gefe ɗaya, ta nemo wani wuri da aka yi wa ɗinki da zare daban, ta ɗora yatsa a kai.

Ta ce, "Yaushe za ki dawo ki karɓa?"

Na faɗi abin da ya zo bakina. "Wata biyu."

Ta yi murmushi, hawaye na zuba. "Haka muka ce wa maƙwabciyarmu ranar da muka ba ta makullin gidanmu. Wata biyu. Shekara ashirin da takwas ke nan."

Na riƙe hannunta. Tausayinta ya kama ni, na kuma ji haushin kaina da na shiga gidanta ina ƙirga takalma.

Malam Bahram ya share murya, ya ciro walat, ya zaro dala biyar ɗin nan tawa, a ninke yadda na ba shi. Na ce a'a. Ya sake miƙowa, na ce a'a. Ya ƙara, na ce, "Malam, sau uku ke nan, kuma tawa a'ar ta gaske ce. Tukuici ba ya komawa." Karon farko na ji dariyarsa. Ya mayar da ita, ya waiwaya ya kira Nura, wanda ke ɓoye bayan kular shinkafa.

"Litinin, ƙarfe tara, full time. Kayan surukarka na hannuna, dole a sami wani daga danginta kusa da ni."

Nura ya durƙusa a tsakiyar mutane, ya rasa wanda zai gode wa. Can ya ce, "Asma'u, ki ce wa Mama..." sai na katse shi. Na dubi bango na ce, "Ki ce masa ya tashi, ya yafe mini."

Na cika arba'in ɗina na dawo, kanwar da ta rage na bar wa Zuwaira. A hanyar filin jirgi ita da Anti Ladi suka tsare ni in faɗi wanda ya ci gardama. Ku ma ita kuke tambaya. Abin da na gani shi ne ɗan Masar yana da gida hawa huɗu da tantabaru ke kwana a ciki, ɗan Iran yana da gidan da makullinsa ke hannun maƙwabciya. Ma'aunin Baba bai tanadi wannan ba, ni ma na daina aunawa. Masu cewa na saci darduma kuwa, ku gaya musu darduma tawa ce, da shaidu, tana rataye a bangon da ya fi kowane kyau a Greensboro.

Ranar ƙaramar Sallah waya ta yi ƙara, na ɗauka Asma'u ce. Sai na ji muryar Madam Parwin daga nesa.

"Hajiya, ajiyarki na nan lafiya. Yaushe za ki zo?"

Na ce, "Wata biyu."

Ta ce, "To. Ina jira."

Cikinmu ba wadda ta ajiye waya, har katinta ya ƙare.